Wali ba waliyyi ba ne: abin da ke yanke kuɗin makaranta da asibiti a wilayoyinmu

Rannan bayan la'asar muna zaune gun mai shayi a bakin kasuwa nan Gadarif a gabashin Sudan, jabana wato kofi na zagayawa, sai gardama ta kaure tsakanin ɗan ƙanwata da wani dattijo maƙwabcinmu. Yaron ya dage wai duk abin da ke damun wilaya laifin wali ne, in aka samu mai tsoron Allah aka ɗora shikenan, makarantu su gyaru asibiti ya cika da magani. Dattijon ya kurɓi jabanarsa ya ce masa, ɗana, wali fa ba waliyyi ba ne, ba ya taɓa ƙasa ta zama kuɗi. Aka yi dariya, sai yaron ya juyo kaina ya ce Kawu kai da ka yi aikin hisabi ai kai za ka raba mu. Ban raba su a wurin ba don maganar ta fi ƙarfin kofin jabana, toh shine na ce bari in zauna in rubuta.

Na yi shekaru a ofishin kuɗi na wata mahalliya, ba sai na faɗi wacce ba, kuma abin da idona ya gani shi ne halin wali yana aiki kam amma shi ne na ƙarshe a layi. Kafin a zo kansa akwai inda kuɗin ke fitowa, akwai abin da ya riga ya cinye su tun ba su iso ba, sannan akwai wanda ake tsoro.

Ga 'yan uwa na Najeriya da Nijar, wilaya ita ce jiha, wali shi ne gwamna, mahalliya kuma ƙaramar hukuma, mai riƙe da ita a da mu'utamad ake ce masa. Tsarin ya soma a 1991 zamanin Bashir da wilayoyi 9, a 1994 aka daddatsa su suka koma 26, bayan Sudan ta Kudu ta tafi a 2011 aka sake yanka a Darfur da Kurdufan muka tsaya a 18. Taken da aka sayar mana da abin a lokacin shi ne taƙsiruz zillil idari, wai a gajarta inuwar mulki don talaka ya daina zuwa Khartum neman sa hannu. Inuwa ta gajarta, ba musu. Makarantar firamare da ƙaramin asibiti da ruwan sha da shara duk aka sauko da su kan wilaya da mahalliya. Sai dai kuɗin masu nauyi ba su sauko ba, jamarik wato kwastam na tarayya ne, fetur na tarayya, harajin ribar manyan kamfanoni na tarayya, kuma da aka kawo harajin ƙima mudafa a 2000, wanda ku can kuke ce wa vat, ya haɗiye wasu harajin da wilayoyi ke karɓa da hannunsu ya koma sai Khartum ta tara sannan ta yanko musu. Wajajen wannan lokacin kuma aka soke harajin amfanin gona aka ce za a riƙa biyan wilayoyi diyya daga sama. Manomi ya ji daɗi, ni ma ɗan gidan noma ne na ji daɗi, amma wilaya irin tamu mai dawa da riɗi an cire mata nonon da take tatsa da kanta an ce ta jira a kawo mata a ƙwarya. An aza mata kaya ba gammo kenan.

Saboda haka yawancin wilayoyi in ka buɗe kasafinsu za ka ga mafi yawan abin da ke ciki tura musu ake yi daga tarayya. A 1995 aka kafa asusun tallafa wa wilayoyi, bayan yarjejeniyar Naifasha ta 2005 da ta kawo sulhu da Kudu kuma aka kafa hukumar rabon kuɗin shiga da sa ido, kuma a takarda akwai ma'auni mai kyau, ana duba yawan jama'a, halin ilimi da lafiya, nisa daga cibiya, ƙoƙarin da wilaya ke yi wajen tara nata. Wanda ya karanta takardar zai ce an gama adalci. Mu da ke jiran kuɗin mun san akwai bambanci tsakanin abin da aka amince da abin da aka saki, ana iya rubuta maka ɗari a kasafi shekara ta ƙare ba ka ga rabi ba musamman a ɓangaren ayyukan raya ƙasa, kuma wanda ke samu shi ne walin da ya san ƙofofin ma'aikatar kuɗi, ya tare a Khartum sati biyu yana sintiri har a ji kunyarsa. A Najeriya ko ba komai kowane wata ana zama a raba a buga a jarida kowa ya ga abin da jiharsa ta samu, har jihohin mai suna da kashi 13 cikin 100 nasu daban. Mu nan ko a Naifasha kashi 2 cikin 100 aka yanka wa wilayar da ake haƙo man a cikinta.

Mutanen Gadarif ba su manta da Karamallah Abbas ba. Babban manomi, ɗan jam'iyya mai mulki, ya ci zaɓen wali a 2010, ya fito fili yana cacar baki da ma'aikatar kuɗi ta tarayya a kan haƙƙin wilaya, a 2012 ya bar kujerar. Ko kana sonsa ko ba ka sonsa labarinsa ya nuna iyakar igiyar da aka ɗaure wali da ita, ɗan gida ma kenan.

Sannan ita kanta ƙwaryar da ake rabawa tana cika tana ragewa. An fara fitar da fetur a 1999, daga 2005 zuwa 2011 kuɗin da ake tura wa wilayoyi ya ƙaru sosai, lokacin ne aka ɗebi ma'aikata, aka gina ajujuwa, aka buɗe cibiyoyin lafiya a ƙauyukan da ba su taɓa ganin farar riga ba. Ranar 9 ga Yuli 2011 Kudu ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man. Ma'aikatan da aka ɗauka ba su tafi da ita ba, gine-ginen ma suna nan suna neman fenti da magani da alli.

Kuɗin da wilaya ke tarawa da kanta kuwa ya danganta da abin da Allah ya ajiye mata da kuma wanda doka ta ce nasa ne. Khartum kafin yaƙin 2023 ga kamfanoni ga kasuwanni ga filaye masu tsada da ake yankawa a sayar, ba ta sa'ar kowa ba. Mu muna da kasuwar amfanin gona. Baharul Ahmar, wilayar bakin Bahar Maliya, tana da tashar jiragen ruwa amma tashar ta tarayya ce. Nilul Azrak tana da dam ɗin Rusairis tun 1966, aka ƙara masa tsawo aka buɗe a 2013, wutarsa na haska wasu garuruwa masu nisa alhali akwai ƙauyukan da ke kusa da shi suna kwana da tocila. Wilayar da ba ta da babban abu sai ta koma kan ƙananan, shine jibayat ɗin nan da kowa ke kuka da su, kuɗin rumfa, kuɗin shara, kuɗin kan dabba, kuɗin karo wato amalanke, shinge a hanya kowace lori ta tsaya. Na sha yanka urnik 15, rasit ɗin karɓar kuɗin gwamnati, da hannuna kafin a mayar da shi na na'ura a 2015, kuma na san daga aljihun wa kuɗin ke fita, mai shayi ne da mai tallan ganye da mai jaki. Wato a matalauciyar wilaya talaka ne ke biyan kuɗin hidimar talaka, kuma kafin kuɗin ya zagayo ya zama alli a aji an ci rabinsa a man motar masu karɓa da alawus ɗinsu. Ban ma shiga maganar tajnib ba, kuɗin da wata hukuma za ta karɓa ta ajiye a asusunta daban ba tare da ya bi ta baitulmali ba, wannan kogi ne da ba a ganin ƙasansa.

Yanzu ga inda nake so ɗan ƙanwata ya buɗe kunne. Kasafi a wurinmu babi-babi ne, faslul awwal shi ne albashi, sai na tafiyar da aiki, sai na tanmiya wato raya ƙasa. Faslul awwal kura ce, ita ke fara ci. In kuɗi suka iso ranar 28 ga wata ba wanda ke tambayar wace makaranta ce rufinta ya yaye, tambaya ɗaya ce, mahiya, wato albashi, ta cika ko ba ta cika ba. In ta cika alhamdu lillahi, ragowar a sayi man motar ofis da takarda, in ba ta cika ba a ci bashin wata mai zuwa. Shi ya sa in ka ji wali na alfahari cewa kaso mafi girma na kasafinsa ilimi da lafiya ya tafi, ba ƙarya yake ba, malamai da ma'aikatan jinya su ne mafi yawan ma'aikatan wilaya, albashinsu ne ake lissafawa. Amma malami ne a aji ba benci, yara na zaune kan bulo da gwangwanin madara, littafi ɗaya yara biyar, likita ne a ɗaki yana rubuta maka takarda ka je ka sayo har auduga da sirinji a waje. An kashe kuɗi a ilimi a lissafi, yaro bai ga komai ba.

Akwai shekarar da muka sa kuɗin ijlas a kasafi, wato benci da tebur na makarantu, aka amince aka buga hatimi muka yi murna. Wata uku a jere kuɗin sama suka zo da giɓi, aka ce a ara daga nan a cike mahiya za a mayar. Har na bar ofishin ba a mayar ba, kuma in ka tambaye ni wa ya ci kuɗin benci wallahi ba wanda ya sa su a aljihu, malaman makarantun ne suka karɓe su a matsayin albashinsu da suke bi. Irin wannan ɓarnar da babu ɓarawo a cikinta ta fi wadda ke da ɓarawo yawa, kuma ta fi wuyar magani don ba wanda za ka kama.

A 2020 gwamnatin Firayim Minista Hamdok ta ƙara albashi da kashi 569 cikin 100, malamai suka yi ta guɗa, mu ma mun yi. Ba a rufa shekara ba hauhawar farashi ta bi ta kansa, a watan Fabrairu 2021 aka sauke darajar jine, kuɗin Sudan, daga 55 zuwa 375 a dala ɗaya, a tsakiyar shekarar hauhawar ta haura kashi 400 cikin 100. Kasafin da aka rubuta a Disamba kafin damina ya zama takardar ƙunshe gyaɗa. Albashi ana iya yi masa zanga-zanga a ƙara, amma babin magani da gyaran famfo ba shi da ƙungiyar ƙwadago, shi ke narkewa shiru.

Kuma faslul awwal ba malamai kaɗai ba ne a ciki. A da duk lokacin da aka so lallashin wata ƙabila ko wani babban mutum sai a yanka sabuwar mahalliya, kuma kowace mahalliya na zuwa da mu'utamad da motarsa da gidansa da masu gadinsa, ga ministocin wilaya ga majalisa ga masu ba da shawara. Mu ma Hausawa mun sha neman a yanka mana tamu, ban ga laifinmu ba tunda haka wasan yake, amma gaskiya ita ce yanka ba ya ƙara nama, ƙwarya ɗaya ce aka ƙara mata hannaye. In kuma wilaya na cikin dokar ta-ɓaci ko rikici, kwamitin tsaro ke fara ɗiba, man motoci da abincin dakaru ba sa jiran kowa, wannan kowa ya sani a Darfur da Kurdufan ta Kudu da Nilul Azrak tun kafin wannan yaƙin.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne, ƙasa da nisa. Ƙasarmu ta Gadarif baƙar laka ce, in kharif wato damina ya kankama akwai ƙauyukan da sai tarakta ke shiga, mai naƙuda a bayan tarakta ake fito da ita. Aji ɗaya a irin wannan wuri ya fi aji a cikin Madani tsada, siminti sai an yi dakonsa, malami sai an roƙe shi, likita in an tura shi wata biyu ya nemi canji ko ya haye Saudiyya. Makiyaya kuma makarantarsu sai ta bi su. Ma'aunin da ya ce kowane kai kaza, bai san laka ba.

Toh sai siyasa, wadda a ganina ita ce gishirin miyar. Ka tambayi kanka wali wa yake tsoro. Sau ɗaya a zamanin nan talaka ya jefa ƙuri'a kai tsaye ya zaɓi wali, a 2010, shekarar da Malik Agar ya ci Nilul Azrak, shi ma a Satumba 2011 yaƙi ya tashi aka tsige shi. A farkon 2015 aka gyara tsarin mulki shugaban ƙasa ya koma naɗawa, a Fabrairu 2019 Bashir ya zuba sojoji, a Yuli 2020 Hamdok ya naɗa farar hula har da mata biyu a Shamaliya da Naharun Nil. Duk naɗi ne. Wanda aka naɗa daga sama idonsa na sama, kuma abin da na sama ke gani in ya zo ziyarar kwana ɗaya shi ne kwalta da fitilun titi da babban gini da za a yanke ƙyalle, ba ya ganin maganin zazzaɓi a cibiyar lafiyar ƙauye, ba ya ganin bayan gida a makarantar 'yan mata. Muhammad Tahir Aila ya yi shekara goma yana walin Baharul Ahmar daga 2005, ya ƙawata Bor Sudan da bakin teku da tituna da bikin yawon buɗe ido har mutane na zuwa kallo daga wasu wilayoyi, magoya bayansa har gobe suna yabonsa, amma garin bai rabu da ƙishirwa ba, ruwansa na rataye da Arba'at, dam ɗin da ambaliya ta fasa a Agusta 2024. Mu ma nan shekara nawa muna jin hallul jazari, aikin da aka ce zai jawo mana ruwa daga dam ɗin Atbara da Sitit a huta, yaran da aka haifa lokacin da aka fara maganar sun yi wayo suna bin karo da jarka.

A 2005 tsohon ministan kuɗi Abdurrahim Hamdi ya gabatar wa jam'iyya mai mulki wata takarda yana ba da shawarar a tattara jari a yankin da ke tsakanin Dungula da Sinnar da Kurdufan, don nan ne ƙuri'un da za su riƙe mulki suke. Shine abin da ake kira musallas Hamdi, wato kusurwa ukun Hamdi, har yau. Mutane sun yi ta zaginsa, ni kuwa na ce mutumin ya faɗi abin da ake yi ne a ɓoye, ya rubuta shi da alƙalami.

Waɗanda ke wajen wannan yankin sun koyi wani darasi mai muni, cewa kaso na fitowa ne ta bakin bindiga. Kudu ta samu rabin kuɗin man da ake haƙowa a ƙasarta a Naifasha. Gabas ta samu asusun sake gini na dala miliyan 600 a yarjejeniyar Asmara ta 2006. A Juba, 3 ga Oktoba 2020, aka rubuta wa Darfur da Nilul Azrak da Kurdufan ta Kudu kashi 40 cikin 100 na arzikin da ke fitowa daga ƙasarsu har shekara goma. Nawa ne ya isa makaranta a cikin waɗannan alkawura, ku tambayi mutanen Hamashkoreb a Gabas da Kurmuk a Nilul Azrak. Amma ko a takarda ne, ka lura wanda bai ɗau makami ba ba a ma kira shi teburin ba. Bayan bindiga sai titi, gwamnati na tsoron garin da zai iya rufe hanya, shi ya sa lokacin da ake ba da tallafin burodi da fetur ya fi zuwa manyan birane alhali mutumin ƙauye da ke cin kisra da asida ba ya ganin ko ƙwaya. Kuma abin alfahari ne da ban haushi a lokaci guda, cewa ɗaliban Mai Wurno ne suka fara fita ranar 6 ga Disamba 2018, kafin Damazin, kafin Atbara ta ƙone ofishin jam'iyya ranar 19.

Wannan ya kawo ni kanmu. Hidima tana bin wanda aka ƙirga, wanda ƙauyensa ke cikin rajista, wanda ke da mai magana a ɗakin da ake rabo. Ƙidaya ta ƙarshe a ƙasar nan 2008 aka yi ta, duk wani rabo da ake cewa bisa yawan jama'a kintace ne a kan wancan lissafin, unguwannin da suka ninka tun lokacin a takarda suna nan yadda suke. A Jazira, inda kakanninmu suka zuba gumi a gonakin auduga tun bayan gina dam ɗin Sinnar a 1925, har yau akwai mutanen kanabi, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gona da ake ce wa kambo, Hausawa da 'yan Darfur da sauransu, zaune a gefen gona shekara da shekaru amma kambo ba ƙauye ba ne a idon hukuma, ba shi da taswira, toh ta ina za a sa masa makaranta ko tankin ruwa a kasafi, babu layin da za a rubuta sunansa. Ba wai wani ya zauna ya ce a hana su ba ne kullum, wani lokacin haka ne, amma sau da yawa tsarin ne ba ya ganinsu sam. Haka batun takardu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa ta yi sai ka nuna kakanninka na nan tun 1897, alhali jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 suka taso, ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi. An sassauta dokar daga baya, amma tabonta ya daɗe, kuma duk wanda ya raka tsohuwa neman raƙam watani, lambar ɗan ƙasa, aka ce ta kawo shaidu ya san abin da nake nufi. Ba lamba ba katin inshorar lafiya, ba tallafi, yaro ma sai ya sha wuya wajen jarabawa.

Shi ya sa maganar sarauta a idara ahliya, wato tsarin mulkin gargajiya, ba maganar rawani ba ce kawai. Masu sarauta irin su umda da nazir su ake kira in za a yanka fili, su ake tambaya ina za a haƙa hafir na tara ruwa, su ke sa hannu a ce wane ɗan wuri ne. Rikicin Nilul Azrak na Yuli 2022 da na Wad al-Mahi a Oktoba, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka, Allah ya jiƙansu, yana da siyasa da batun ƙasa da hannun masu ingiza mai kantu ruwa, amma a tsakiyarsa akwai neman da Hausawa suka yi na a ba su imara wato masarauta tasu aka ƙi. Mai kallo daga nesa zai ce a kan rawani ake mutuwa, na kusa ya san kujera ce a ɗakin rabo.

Wani abin da ke rikita lissafi kuma shi ne kuɗin hidima da yawa ba sa bi ta hannun wali sam. Diwanuz zakat hukuma ce mai zaman kanta da ke karɓar zakka bisa doka, kuma a wilayar noma irin tamu abin da take tarawa lokacin girbi ba kaɗan ba ne, tana biya wa marasa hali inshora tana tallafa wa marayu. Inshorar lafiyar kanta a Sinnar aka fara ta a 1995 kafin ta bazu. Ga munazzamat, ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke bin inda bala'i ya sauka, da 'yan gudun hijirar Tigrai suka shigo a ƙarshen 2020 aka buɗe sansanin Um Rakuba sai ga asibiti da ruwa a sansani fiye da na ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi, kuma ma'aikatar kuɗi in ta ga munazzama ta riƙe wani wuri sai ta janye nata ta kai wani gun, ranar da munazzamar ta naɗe tabarma a bar mutane da gini. Shirin tallafin iyalai na Samarat ma haka, dala 5 ga kowane mutum a wata da kuɗin Bankin Duniya, an fara a 2021 mutane sun yi layi sun yi rajista, juyin mulkin 25 ga Oktoba ya zo masu ba da kuɗin suka rufe famfo.

Ragowar kuma mu ne. Nafir, wato gayya, da majalisar iyaye, da ɗan uwa da ke Jidda ko Riyad yana turo riyal a sayi kwano a rufa aji. Abin kirki ne kuma da shi muka rayu, amma yana da wani lahani da ba a cika faɗa ba, unguwar da ke da 'ya'ya a waje da 'yan kasuwa tana gina nata, sai hukuma ta turo malamai tunda ga gini, unguwar da ba ta da kowa ba gini ba malami. Mai shi ake ƙara wa.

Daga 15 ga Afrilu 2023 kuwa da yaƙi ya ɓarke duk abin da na lissafa sai ya fito tsirara. Khartum da ke tara mafi yawan haraji ta zama fagen fama, gwamnati ta koma Bor Sudan, abin da ya shigo yaƙi ke fara ci, aka bar wilayoyi kowace ta ji da ma'aikatanta. Malamin da ke wilaya mai zinariya ko mai kasuwa yana ɗan samun wani abu, takwaransa a wata wilayar ya yi watanni bai ga ko jine ba, aiki ɗaya takarda ɗaya. Naharun Nil ta buɗe makarantu tun ƙarshen 2023, wasu wuraren yara sun fi shekara a gida. Mu nan kwalara ta ɓulla a Satumba 2023, Madani ta faɗi a Disamba, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo mana da abin da suka iya ɗauka, makarantu suka zama masauki, asibitin da aka gina don mutanen gari ɗaya ya koma na wilaya uku, kuma ba wani ma'aunin rabo da ya san mutanen nan sun taso daga can sun dawo nan. Takaya, wuraren dafa abincin sadaka, da samarin unguwa su suka riƙe cikin mutane da tukunyar adas da balila.

Makarantar unguwarmu da aka kwashe baƙi aka buɗe ta, ƙofofi biyu sun ɓalle, bayan gida ya cika, benci kuwa wasu an yi girki da su lokacin sanyi kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya yi faɗa don mun ga halin da mutanen ke ciki. Majalisar iyaye ta zauna ranar Asabar aka yanka wa kowane gida abin da zai kawo, na gyara daban na fatur wato karin kumallon malamai daban, masu 'ya'ya a Saudiyya aka ce su buga musu waya. Da aka zo neman wanda zai riƙe littafi dattijon nan mai jabana ya nuna ɗan ƙanwata ya ce ga mai tsoron Allah nan a ɗora shi. Ya karɓa yana ƙunƙuni, jiya da magariba na gan shi ƙofar gidan wani mai karo suna ciniki a kan ko za a karɓi rabi yanzu rabi bayan an sayar da riɗi.